Mene ne ADN ɗin nan, kuma ƙarin jini yana canza shi?

Tela na Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni tela ne a nan Damagaram, shagona yana unguwar Zango, shekarata 19 a kan keke. Lakwal a aji shida na tsaya, don haka wanda zai ba ni amsa ya taimaka ya sauko da ita ƙasa-ƙasa, kada ya zubo mini Faransanci.

'Ya'yana uku. Biyun farko maza ne, garau suke, har babban ya fara riƙe mini almakashi. Ta ukun mace ce, shekararta huɗu, ita ce mai emasi, wanda mutanen Kano ke ce wa sikila ko amosanin jini. Ɓul-ɓul aka haife ta, ranar suna har mata suna yaba ƙibarta. Tana wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, yatsun suka yi suntum kamar an hura su, ko zani ya goge ta sai ta tsandara ihu. Muka yi maganin haƙori, muka yi na shawara, aka yi hayaƙi, har akwai wadda ta ce sammu ne. Sai da ta shekara aka ɗebi jininta aka auna, aka ce SS.

Tun daga ranar Inna ta ɗora wa mai ɗakina laifin. Cewa take yi a gidanmu ba a san wannan ciwo ba, ga yayyen yarinya nan lafiya lau, don haka daga dangin uwa ya zo, ko a jini ko a nono. Matata 'yar Magariya ce, ba ta da kowa a garin nan. Ba ta taɓa mayar da magana ba, sai dai ta shige madafa ta daɗe.

Watan Disamba da ya wuce, lokacin da hunturu ya yi tsanani, ciwon ya tashi da dare. Idanunta suka yi ɗorawa, tafin hannunta fari fat. Na goya ta a babur muka tafi asibiti, aka ce jini ya yi ƙasa sai an ƙara. Na naɗe hannun riga na ce ga ni. Da aka auna nawa, wani saurayi a labo, wato ɗakin awon jini, ya ja ni gefe ya ce, "Baba, naka AS ne, ba shi za mu sa mata ba." Yaron shagona ne ya bayar a ƙarshe, Allah ya saka masa. Na tambayi saurayin ma'anar AS, ya ce abin a ADN yake, rabi nawa rabi na uwarta, sai aka kira shi ya wuce.

Takardar tana cikin littafin awona, a ninke tsakanin awon wani alhaji da na wani ɗan sanda. Ban nuna wa kowa ba, har matata.

To ga abin da ke cina. Shi ADN ɗin nan mene ne, a ina yake zaune, cikin jini? In a jini yake, ai an sa wa yarinya jinin mai lafiya, Inna ma ta ce shi ke nan an canza mata jini, amma da damina ciwon ya dawo kamar ba a yi ba. Kuma in daga ni da uwarta ne, me ya sa yayyenta suka tsira? Sannan ƙanena zai auri 'yar kawunmu nan da wata biyu. Na ce ya je a auna shi, ya zaro mini kati an rubuta A+ ya ce shi A ne, ba ruwansa. Haka ne?

Malamar SVT ta rubuta:

Wa'alaikumus salam Malam tela. Allah ya ba yarinya lafiya. Ina koyar da ilimin halittu, wato SVT, a wani lise, makarantar sakandare, a nan gari, kuma da ɗalibaina teloli ne da na huta, don kayan bayanin duk suna shagonka.

Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani, yadda aka gina gidajen Birni da tubali ɗaya bisa ɗaya. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai ɗan ɗaki, a cikin ɗakin akwai zare. Zaren nan shi ne ADN. 'Yan Najeriya DNA suke cewa, abu ɗaya ne, Turancin ne ya juya haruffan. Da za a warware zaren ƙwaya guda a miƙe shi zai kai wajen mita 2, wato yadi biyu da ɗoriya, amma don tsabar siranta ya shige inda ko tsinin allurarka ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ba a dunƙule yake kara zube ba, an naɗe shi a kwarkwaro 46, su ake kira kromozom. Guda 23 daga uba, 23 daga uwa. Babu wanda ya fi wani zubi.

Zaren riɓi biyu ne, a murɗe kamar tufkar igiya, kuma tsakanin riɓin biyu akwai haƙora masu kama juna kamar na zif. Haƙoran iri huɗu ne kawai, ana yi musu laƙabi da A, T, G, C. A ba ta kama kowa sai T, G ba ta kama kowa sai C. Hikimar tana nan: in aka zuge zif ɗin, kowane gefe ya ishe ka sanin abin da ke ɗaya gefen, sai a ɗinka masa sabon abokin tafiya. Haka ƙwaya take kwafe zarenta duk lokacin da za ta rabu biyu, tun kana ɗigo a ciki har ka yi furfura. Jerin haƙoran nan rubutu ne, haruffa kusan miliyar 3, wato miliyan dubu uku, a kason da kowane mahaifi ya bayar, kuma uku-uku jiki ke karanta su. Littafin awo ne, Malam. Kowane shafi yana ɗauke da awon abu guda da jiki zai ɗinka, shafukan irin wannan sun kai wajen 20,000.

Shafin da ya shafi 'yarka yana kan kwarkwaro na 11. Awon hemogulobin ne, wato jan abin da ke cikin ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta sassan jiki. A wani wuri da ya kamata a ga GAG, sai aka samu GTG. Harafi ɗaya tak. Ka fi ni sanin abin da lamba ɗaya ke yi, ka rubuta 17 a kafaɗa maimakon 19, duk kyan shaddar ba ta saku. Hemogulobin da aka ɗinka da wannan awo, da zarar iska ta yi masa ƙaranci sai ya manne da juna ya yi sanda-sanda, ƙwayar jinin da take zagayayya mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje ta ƙage. Irin waɗannan su ke toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne azabar da take ji a ƙashi. Kuma ba su da tsawon rai: lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, mai lauje kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Dalilin da jininta ke yawan ƙasa ke nan.

Kowane mutum shafin nan biyu gare shi, na uba da na uwa. Kai ɗaya naka daidai ne, ɗaya mai kuskuren, shi ne AS. Mai kyan ya wadatar da kai, shi ya sa kake taka keke tun safe har dare ba ka san komai ba. Yarinya kuwa SS ce, duka biyun masu kuskure, kuma ba yadda za a yi ta karɓi biyu daga mutum ɗaya. Ɗaya na uwarta ne, ɗaya naka.

Maganar yayyenta: duk cikin da AS da AS suka samu, sabuwar ƙuri'a ce. Kashi ɗaya cikin huɗu SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Ciki ba ya tuna abin da na baya ya fitar. Akwai masu haihuwa shida ba SS ko ɗaya, akwai waɗanda uku a jere duk SS. Samarin naka ma a auna su, kada lafiyarsu ta ruɗe ka, mai yiwuwa suna ɗauke da S ɗin irin naka.

Wani abu da nakan gaya wa ɗalibai don su farka daga gyangyaɗi: a cikin mugunya aka fara gano ADN. Wani likita ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, shi ya tace shi a 1869 a Jamus, daga bandejin da aka cire wa majinyata. Bai san gado ne ya riƙe a hannu ba. Sai 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar tufkar nan a Ingila, kuma sun dogara da hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken wata mata, Rosalind Franklin. Ta rasu a 1958 tana da shekara 37, aka raba lambar Nobel a 1962 ba ta duniya.

Manomin Mirya ya rubuta:

Allah ya sawwaƙe, ɗana. Ni dai awon nan kafin aure ba ya kwanta mini. Kakanninmu auren gida suka yi, ga mu mun cika gari. Yanzu a ce takarda ce za ta raba ɗan wa da 'yar ƙanwa, gobe da wane ido za a dubi juna wurin suna ko jana'iza? Cuta da lafiya na Allah ne.

Amma kuma ba zan ɓoye ba, da nake karanta bayanin Malama sai yayata ta faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙanta. Ɗan baffanmu ta aura. Haihuwa tara, huɗu suka koma tun ba su kai shiga makarantar allo ba, duk da kumburin hannu da ɗorawar ido. Wabi aka ce tana yi, har aka huda wa na ƙarshen kunne. Kuma ni ɗin nan duk kaka sai na zaɓi zangarniyar da ta fi cika na rataye a rumbu don iri, ban taɓa jin na yi wa Allah shisshigi ba. To ban sani ba dai.

Na Labo ya rubuta:

Yaya tela, sannu da jinya. Aikin awon jini nake yi, bari in ɗora daga inda Malama ta tsaya.

Ƙarin jini ba ya taɓa ADN ɗin yarinya. Abin mamakin ma, jajayen ƙwayoyin jini su ne ba su da ɗan ɗakin da Malama ta faɗa, suna yar da shi kafin su fito aiki, don haka ba sa ɗauke da zaren. In ana neman ADN a jini, daga fararen ƙwayoyi ake samu. Masaƙar jini tana cikin ɓargo, a can ake buɗe littafin awon a ɗinka sababbin ƙwayoyi kullum. Jinin yaron shagonka aron riga ne: ta sa, ya rufa mata asiri wata biyu ko uku, ya tsufa ya ƙare, ɓargonta kuwa bai daina ɗinki da awonsa na asali ba. Ka gaya wa Inna ba a canza jini ba, an dai cece ta a daren, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Katin ƙanenka kuma, wannan ruɗanin kusan kullum sai na gamu da shi. A+ rukunin jini ne, na A, B, AB da O, wanda ake dubawa kafin a ƙara wa mutum jini. Shafinsa dabam, yana kan kwarkwaro na 9. Mutum yana iya zama A+ kuma AS, yana iya zama O+ kuma SS. Abin da zai nema shi ne awon hemogulobin da ake kira elektroforez. Ya faɗi sunan da bakinsa, don akwai wani gwaji mai sauƙi, na Emmel, wanda ke nuna akwai S kawai ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C. Ita C wani kuskuren ne a daidai wurin nan, tana da yawa a Afirka ta Yamma musamman wajen Burkina da arewacin Gana, kuma S da C in suka haɗu a yaro su ma ciwo ne. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ya jira wata uku zuwa huɗu kafin awo, in ba haka ba jinin aron zai ɓata sakamakon.

Baba na Mirya, a gafarce ni, zumunci ba shi ke ƙirƙiro S ba. Bare da bare ma in duk AS ne magana ɗaya ce. Abin da auren gida ke yi shi ne ƙara yiwuwar haɗuwa, tunda kakan ɗaya ne, littafin da ya bari yana hannun jikoki da yawa. Tunda Yaya tela AS ne, to ɗaya daga iyayensa ya ba shi. In ta wajen Inna ne, kawu yana iya kasancewa da shi, 'yarsa ma haka. In aka auna aka samu ko ɗaya daga cikinsu AA ne, a sha biki, ba za su haifi SS ba.

Ka ce lafiya lau take har wata bakwai. Haka yake zuwa. Jariri da wani hemogulobin na daban yake zama a ciki, na tayi, wanda ba ya yin lauje. Bayan haihuwa a hankali jiki ke rufe wannan shafi ya buɗe na manya, wajen wata shida sai ciwon ya fara nuna kansa, kuma sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa yake sallama. Ba nono ba ne, ba haƙori ba ne. Maganin hidroksiyuriya da likitoci ke rubuta wa wasu, aikinsa ƙara wannan hemogulobin na jarirai, amma sai da likita da awon jini a kai a kai, ba na saye a tebur ba ne. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani, Casgevy, da ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci a gyara musu ADN don su koma ɗinka na jariran, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ya haura miliyar guda na sefa. Na faɗa ne don ka san zaren yana gyaruwa, ba don mu sa rai bana ba. Dashen ɓargo daga ɗan'uwan da ya dace shi ma yana warkarwa, shi ma tsada da haɗari.

Abin da ke hannunmu: ruwa, ruwa, ruwa, ko da kun san yadda yake wuya a garin nan da bazara, nata kada ya yanke. Rigar sanyi da safa da hunturu, wanka da ruwan ɗumi, gidan sauro kowane dare, alluran rigakafi a kan lokaci. Zazzaɓi ko kaɗan ne a tafi asibiti, kada a jira wayewar gari. In da hali a kai ta cibiyar masu emasi ta ƙasa da ke Yamai ko sau ɗaya ne.

Sauron nan ma shi ya sa S ta yi yawa a ƙasashenmu. Yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wani likita Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Kakannin da suka bar mana ita, ita ta raya su har suka haife mu.

Maman Biyu, Garin Malam ta rubuta:

Malam tela, su Malama sun yi maka ilimi, ni faɗa zan yi maka, ka yi haƙuri. Wata nawa takarda tana littafinka, baiwar Allah tana shan magana a gidanku ita kaɗai, ba uwa ba uba a gari? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai ma ka ji da kunnenka tun a labo.

Nawa biyu ne masu SS. Na sha abin da matarka ke sha har na gode Allah. Dangin miji suka zuga shi ya ƙaro aure don ya samu masu lafiya, ba a auna kowa ba, amarya ta haihu, wata takwas hannun yaro ya kumbura. Ranar ce bakin kowa ya mutu. Yanzu ni ke koya mata yadda ake gasa wa yaro ƙafa da tsumma mai ɗumi da yadda ake duba cikin fatar ido. Haka in mace ta jera 'ya'ya mata a ce ita ce, alhali na ji a rediyo abin da ke sa a samu namiji daga uba yake zuwa. Malama ta gyara mini in na yi kuskure.

Ka fara da matarka yau, kafin Inna.

Malamar SVT ta rubuta:

Ba gyara, Maman Biyu. Uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X ko Y, in Y ya zo namiji ne. Shi ma ba da zaɓinsa ba.

Tela na Zango ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, bayanin zif ɗin nan ya zauna, jiya ina sa wa wata riga sai da na tsaya ina kallon haƙoransa. Hajiya Maman Biyu, faɗanki ya shiga, kwana biyu ban iya buɗe zauren nan ba.

Daren Talata bayan yara sun yi barci na ɗauko takardar na miƙa wa mai ɗakina, na fara kame-kamen bayani. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce ta sani. Tun ranar da aka ce yarinya SS ce wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita ta gaya mata sai uwa da uba sun haɗu. Shekara uku ke nan. Na ce me ya hana ki faɗa, ta ce da wane baki za ta ce wa Inna ɗanta ne, a gidan da take baƙuwa. Wallahi na rasa inda zan sa fuskata.

Inna kuma da safe na same ta tana jan carbi, na karanta mata abin da Malama ta rubuta, har na kawo littafin awon na nuna mata shafi biyu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To kai a ina ka samo?" Na ce ko wajenki ko wajen Baba. Ta yi shiru ta daɗe, sai ta ce lalle wajen marigayi ne, don akwai wata gwaggonsa mai yawan ciwon ƙafa. Ban ja ba. Ba ta ba matata haƙuri ba, amma da rana na ga ta aika mata da kunun tsamiya a kwanonta na kanta, wanda ko mu ba ma taɓawa.

Ƙanena ya je an ɗebi jininsa, ranar Alhamis za a ba shi sakamako. Kawu ne bai yarda a kai yarinyar ba tukuna, ya ce 'yarsa ba akuya ba ce da za a duba haƙoranta. Na Labo, in na ƙanena ya fito AA, ka ce magana ta ƙare ko ba a auna ta ba, ko ban fahimta ba? In kuma AS ne sai na nemi wanda kawu ke jin nauyi, don na riga na yanka shaddar ango da ta abokansa huɗu, suna nan jibge a kan tebur ban fara ɗinki ba.